Kama da Wane Ba Ta Wane: Rikicin Raɗa wa Halittun Tsohon Teku Suna

A tsaunukan kudancin Sikotland akwai wani dutse mai taurin gaske, ɗan uwan dutsen ƙyastu, wani ja, wani ruwan toka, wani baƙi, shimfiɗe falle-falle kamar an jera alluna. Idan aka jiƙa shi da ruwa aka duba da gilashin ƙara girma, sai a ga ƙananan ɗige-ɗige birjik a jikinsa. Kowane ɗigo ƙwarangwal ne na wata halitta da ta rayu a teku fiye da shekaru miliyan 450 da suka shige. A shekarar 1890 wani masani ɗan Ingila, George Jennings Hinde, ya nazarci siraran yanka na wannan dutse a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, ya zana abin da ya gani, ya raɗa wa halittun sunaye. Aikin nasa yana cikin na farko-farko da suka tabbatar da cewa irin waɗannan halittu sun rayu tun a wancan zamani mai nisa. Amma a yau da yawa daga cikin sunayen da aka raɗa ta wannan hanya sun zama kaya a wuyan masana: suna nan a rubuce, ba a iya share su kai tsaye, kuma ba wanda zai ɗauki sabon ƙwarangwal ya rantse cewa shi ne mai sunan.

Yadda aka shiga wannan ruɗani, da yadda ake ƙoƙarin fita daga cikinsa, labari ne da ya shafi duk wanda aikinsa ya ƙunshi rarrabe abubuwa da ba su suna.

Halitta mai gidan gilashi

Sunan waɗannan halittu radiyolariya, sunan da masanin Jamus Johannes Müller ya ba su a 1858. Kowacce ƙwayar halitta ɗaya ce tak, tana shawagi a cikin ruwan teku, kuma har gobe danginsu na nan da rai a dukkan manyan tekuna. Girman akasarinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, wato kamar ƙwayar yashi mai laushi. Abin da ya bambanta su shi ne ƙwarangwal ɗin da mafi yawansu ke ginawa da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Wata kan gina ƙwallo mai huda-huda kamar rariya, wata ta sa ƙwallo a cikin ƙwallo, wata kuma ta fitar da ƙayoyi ta kowace fuska. Idan ta mutu, naman ya ruɓe, ƙwarangwal ɗin ya nutse zuwa ƙasan teku. A tsawon miliyoyin shekaru tarin ƙwarangwal ɗin ya zama laka, lakar ta daskare ta zama dutsen silika irin na Sikotland.

Zamanin da ake magana a kai shi ne farkon babban zangon da masana ƙasa ke kira Faliyozoyik. Ya ƙunshi zamuna uku: Kambiriyan, wanda ya fara kimanin shekaru miliyan 539 da suka wuce; Odobishiyan, daga wajen miliyan 485 zuwa 443; sai Siluriyan, wanda ya ƙare wajen miliyan 419. A cikin duwatsun waɗannan zamuna ne ake samun radiyolariya mafi tsufa, kuma a nan ne rarrabe su ya fi wuya. Mai nazarin halittun da ke raye yana iya kallon yadda suke ci, yadda suke hayayyafa, ya kuma karanta ƙwayoyin gadonsu. Mai nazarin burbushi ba shi da komai sai ƙwarangwal, shi ma sau da yawa a karye, ko zafi da nauyin ƙasa sun sāke masa siffa, ko laka ta cike cikinsa ta toshe.

Gadon Haeckel

Hinde bai ƙirƙiro tsarin rarrabewa na kansa ba. Ya ari wanda ke tashe a lokacinsa, na Ernst Haeckel, malamin jami'ar Jena a Jamus. Jirgin ruwan binciken Birtaniya mai suna Challenger ya zaga tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876, ya dawo da lakar ƙasan teku mai ɗimbin yawa, aka damƙa wa Haeckel ɓangaren radiyolariya. A 1887 ya fitar da rahotonsa, mai ɗauke da nau'o'i sama da 4,000 da shafukan zane 140 waɗanda har yau ake sha'awar kyansu.

Haeckel mutum ne mai ƙaunar tsari da daidaito, sai ya shimfiɗa rarrabewarsa a kan lissafin siffa. A cikin masu siffar ƙwallo, abin da ake ƙirgawa shi ne yawan ƙwallayen da ke cikin juna da yawan manyan ƙayoyi. Mai ƙwallo ɗaya marar ƙaya tana shiga jinsin Cenosphaera, mai biyu tana iya zama Carposphaera, mai uku Thecosphaera, mai huɗu Cromyosphaera. Masu ƙaya biyu dangi ɗaya ne, masu huɗu wani dangi, masu shida wani. Tsari ne mai sauƙin koyo, kuma duk abin da aka tsinta yana da gurbin da zai faɗa.

Illarsa biyu ce. Ta farko, halittar tana ƙara gini a kan ƙwarangwal ɗinta yayin da take girma, saboda haka ƙaramar da ba ta gama gini ba da babbar da ta kammala suna iya faɗawa jinsi daban-daban alhali nau'i ɗaya ne. Haka ma wadda ƙwallon cikinta ya narke bayan mutuwa takan koma wani jinsi ba tare da ta canza komai ba a rayuwarta. Ta biyu ta fi muni. Ƙwallo siffa ce da halittu marasa dangantaka ke iya kaiwa gare ta kowa ta hanyarsa, domin ita ce mafi sauƙi ga abin da ke shawagi a ruwa. Da aka ɗauki ma'aunin Haeckel aka gwada a tsofaffin duwatsu, sai ƙwallon da ya rayu a Odobishiyan ya sami suna ɗaya da ƙwallon da aka kamo da rai a tekun Fasifik. Hausawa sun riga sun yi gargaɗi cewa kama da wane ba ta wane.

Daga nan aka yanke wa radiyolariya hukuncin da ya daɗe yana bin su: wai halittu ne da ba sa canzawa, don haka ba su da amfani wajen gane shekarun dutse. Hujjar a fili take ga mai duba littattafai, tunda jinsi ɗaya ya bayyana daga farkon Faliyozoyik har zuwa yau. Sai dai abin da bai canza ba a haƙiƙa shi ne sunan da mutane suka liƙa. A daidai waɗancan tsaunuka na Sikotland, Charles Lapworth ya riga ya nuna a shekarun 1870 cewa burbushin giraftolait, wasu halittun teku masu kama da rubutun fensir a jikin baƙin dutse, suna canzawa daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa har ana iya amfani da su kamar kalanda. Shi ne ma ya raɗa wa zamanin Odobishiyan suna a 1879. Giraftolait suka zama agogon masana, radiyolariya kuma aka bar su a matsayin abin ƙawa.

Daga waje zuwa ciki

Akwai kuma matsalar hanyar dubawa. Siririn yankan dutse, wanda kaurinsa ke kusa da kashi uku cikin ɗari na milimita, yana nuna abin da wuƙa ta ratsa ne kawai. Wanda ya yanka albasa ta tsakiya zai ga zobba da yawa, wanda ya yanko gefenta zai ga ɗaya ko biyu. Haka ƙwallon radiyolariya yake: yanka uku na nau'i ɗaya na iya ba da hotuna uku, kowanne ya sami sunansa.

Sauyi ya zo ne lokacin da aka fara ciro ƙwarangwal ɗin ɗungurungum daga cikin dutse. A Faransa, Georges Deflandre ya yi haka a shekarun 1950 da burbushin yankin Montagne Noire. A Amurka, Helen Foreman ta narkar da dunƙulallun duwatsun farar ƙasa daga jihar Ohio, ta wallafa sakamakon a 1963. Duwatsun nasu sun fi na Hinde ƙuruciya, amma darasin ya shafi kowa. Foreman ta nuna cewa a tsakiyar ƙwallayen nata akwai wani ɗan ginshiƙi: gajeren sanda mai rassa a bakinsa biyu, rassan kuma su ne ke miƙewa su ratsa bangon ƙwallon su zama ƙayoyin waje. Wannan ginshiƙi shi ne abin da halittar ke fara ginawa, sauran ƙwarangwal ɗin daga baya yake zuwa. Ta kafa jinsin Entactinia a kan wannan siffa. Tun daga lokacin ra'ayin da ya rinjaya shi ne cewa dangantaka tana ɓoye a tushen gini, a can ciki, yayin da bangon waje ke bin buƙatun rayuwa.

A 1972 Emile Pessagno da R. L. Newport suka bayyana hanyar ciro radiyolariya daga dutsen silika kansa, ta jiƙa shi a raunanan asid ɗin haidirofulorik. Da dutsen da ƙwarangwal ɗin duk silika ne, amma asid ɗin kan ɗan fi saurin cin abin da ke kewaye, sai ƙwarangwal ɗin su zubo. Sinadari ne mai haɗarin gaske, yana ratsa fata ya illata ƙashi, don haka aikin sai da kariya sosai. Bayan an wanke, a tace da rariya mai ƙananan ido, a busar, sai mai bincike ya zauna gaban madubi da burushi mai 'yan gasu kaɗan yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi kyau ana ɗora su a madubin da ke aiki da ilektiron a ɗauki hotonsu.

Abin mamaki, mafi kyawun burbushin farkon Faliyozoyik ba daga dutsen silika suke fitowa ba, duk da cewa a nan suka fi yawa. Daga dutsen farar ƙasa suke fitowa, wanda ya daskare da wuri ya kāre su daga matsi, kuma asid mai sauƙi irin na ruwan khal ya isa ya narkar da shi. Shi ya sa tarihin fannin ya rataya a kan 'yan wurare ƙalilan. A 1971 Richard Fortey da Brian Holdsworth sun bayyana radiyolariyan farkon Odobishiyan daga tsibirin Spitsbergen. Boris Nazarov na Tarayyar Sobiyet ya shafe shekaru a kan na Kazakistan. Tsibirin Cornwallis a arewacin Kanada ya ba da na Siluriyan. Duwatsun Cow Head a yammacin Newfoundland, inda masana suka kafa alamar da duniya ta amince da ita a matsayin farkon Odobishiyan, a wurin da ake kira Green Point, sun ba da na ƙarshen Kambiriyan da farkon Odobishiyan.

Tarin allurai

Da aka isa Kambiriyan sai tambayar ta sauya. Yanzu ba wane jinsi ake tambaya ba, ana tambayar ko abin ma radiyolariya ne. A 1999 Mun-Zu Won da Raimond Below suka bayyana burbushin tsakiyar Kambiriyan daga kwarin Georgina a jihar Queensland ta Ostireliya. Da yawa daga cikin halittun wannan zamani ba su da bango mai huda-huda irin wanda aka saba gani. Ƙwarangwal ɗinsu tarin ƙananan allurai ne masu rassa, sun sarƙe da juna ko sun manne, sun dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Matsalar ita ce soson teku, wanda dabba ce mai ƙwayoyin halitta da yawa, shi ma yana gina allurai na silika, kuma yana nan a duwatsu ɗaya da su. Allura guda da ta ɓalle tana iya zama ta kowanne.

Jinsin Echidnina misali ne. An fara bayyana shi a 1986 daga duwatsun ƙarshen Kambiriyan na Queensland, sai daga baya aka kafa dangi da sunansa a cikin radiyolariya. A shekarar 2000 Paulian Dumitrica, Martial Caridroit da Patrick De Wever suka ga cewa masu irin wannan gini ba su dace da ko ɗaya daga cikin manyan rukunan da aka sani ba, suka buɗe musu sabon rukuni mai suna Archaeospicularia. An kuma sha ba da rahoton burbushin da suka fi waɗannan tsufa, daga farkon Kambiriyan a tsaunukan Altai na Rasha da kudancin ƙasar Sin, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan wasunsu, domin ƙaramin dunƙulen silika na iya samuwa ta hanyoyin da ba su da alaƙa da radiyolariya. Wanda ya karɓi dunƙule marar hujja ya tura asalin dukkan rukunin baya da miliyoyin shekaru a kan kamanni kawai.

Ko a Odobishiyan, inda ƙwallaye suka bayyana sosai, inuwar Haeckel ba ta gushe ba. Dangin Inaniguttidae, wanda Nazarov da Allen Ormiston suka kafa a 1984, ya mamaye tekunan tsakiyar Odobishiyan zuwa Siluriyan da ƙwallaye masu dogayen ƙayoyi kamar sanduna. A cikinsa ma yawan ƙwallayen da ke cikin juna na daga abin da ake raba wasu jinsuna da shi, domin ɗan ginin tsakiya, wanda ya fi muhimmanci, siriri ne ƙwarai kuma shi ke fara lalacewa. Madubin ilektiron fatar waje yake nunawa. Don a ga ciki, sai an yi sa'ar samun fasasshe, ko a fasa mai kyau da gangan. Sai a 'yan shekarun nan aka sami mafita: a 2019 da 2020 Sarah Kachovich da Jonathan Aitchison na Jami'ar Queensland sun wallafa nazarin da suka yi da na'urar hoton ciki, ƙanwar wadda asibitoci ke duba kan majiyyaci da ita, inda kwamfuta ke haɗa ɗaruruwan hotuna ta yadda za a ɓare ƙwarangwal ɗin bango bayan bango ba tare da an taɓa shi ba.

Abin da ke rataye a kan suna

Mai karatu na iya tambayar me ya yi zafi a kan sunan ƙwayar yashi. Amsar tana ƙasan teku. Ɓawon ƙasan teku ba ya daɗewa: yana samuwa a wani gefe, ya nutse cikin ƙasa a wani gefen, shi ya sa kusan duk ƙasan manyan tekunan yau bai kai shekaru miliyan 200 ba. Tekunan farkon Faliyozoyik sun shuɗe gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne 'yan yankunan da aka kankare lokacin nutsewar, suka maƙale a gefen nahiyoyi, suka zama tsaunuka. Duwatsun da Hinde ya duba ragowar tekun Iapetus ne, wanda ya taɓa raba Sikotland da Ingila kafin ya rufe. Akwai irinsu a Kazakistan, da gabashin Ostireliya, da yammacin Sin. A irin waɗannan wurare shimfiɗun dutse a yamutse suke, an naɗe su an kifar, kuma sau da yawa ba wani burbushi a ciki sai radiyolariya. In an san nau'insu an san shekarun dutsen, in an san shekarun dutsen an san lokacin da tekun yake buɗe da lokacin da ya fara rufewa.

Jafan ta nuna girman abin da ke cikin lamarin. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, nazarin radiyolariya ya nuna cewa manyan yankunan da aka daɗe ana ɗauka na Faliyozoyik ne sun haɗu ne a zamanin Jurasik, miliyoyin shekaru bayan haka, aka sāke rubuta tarihin ƙasar tsibiran. A farkon Faliyozoyik har yanzu ana kan gina irin wannan kalanda. A shekarar 2000 Paula Noble da Aitchison suka fitar da jerin zangunan radiyolariya na wannan zamani, ana daidaita su da giraftolait da konodon, wasu ƙananan burbushi masu kama da haƙora, a wuraren da aka same su tare. Amma kalanda irin wannan ba ta fi ingancin sunayen da ke cikinta ba. Idan nau'i biyu suka shiga suna ɗaya, sai a ga kamar halittar ta daɗe ƙwarai, agogon ya rasa ƙananan alamominsa. Idan nau'i ɗaya ya sami suna a Kazakistan ya sami wani a Kanada, sai a kasa gane cewa duwatsun biyu sa'o'in juna ne.

Ladabin ajiye suna

Dokokin raɗa wa dabbobi suna na ƙasa da ƙasa sun tanadi abu biyu da ke da tasiri a nan. Kowane nau'i yana ɗaure da samfuri guda da aka ajiye, wanda shi ne ma'aunin sunan. Sannan idan suna biyu suka faɗa kan abu ɗaya, wanda ya riga shi ne mai haƙƙi. Saboda haka ba a iya watsi da tsoffin sunaye don kawai zanensu bai gamsar ba. A 1997 Aitchison da James Stratford sun koma yankin Tamworth a Ostireliya, inda duwatsun da Hinde ya bayyana a wani aikinsa na 1899 suka fito, suka ciro sababbin ƙwarangwal da asid, suka kafa hujjar cewa jinsin Trilonche na Hinde shi ne abin da aka daɗe ana kira Entactinosphaera. Tsohon suna ya dawo da ma'anar da mai shi bai iya gani ba a yankan dutse.

Inda ba a iya yin haka, sai a ayyana sunan a matsayin mai shakku, a ajiye shi gefe. A 2017 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama ta wallafa cikakken kundin jinsunan radiyolariyan Faliyozoyik a mujallar Geodiversitas ta gidan tarihin halittu na Faris. Sun bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, tare da hoton samfurin kowanne, suka ware ingantattu, da waɗanda maimaici ne, da masu shakku, da waɗanda ma ba radiyolariya ba ne. Babban ɓangare na wannan aiki ragi ne, kuma ragi ba shi da farin jini: wanda ya raɗa sabon suna ana haɗa sunansa da na halittar a duk inda aka ambace ta, wanda ya soke suna kuwa ya taɓa aikin wani, wataƙila ma malaminsa.

Akwai wata al'ada a fannin da ta cancanci yabo. Idan ƙwarangwal ya lalace har ba a ga cikinsa, mai bincike nagari yakan rubuta sunan jinsi kawai ya bar gurbin nau'i a buɗe, ko ya sa alamar tambaya, ko ya ce yana kama da nau'i kaza ya tsaya nan. A idon wanda bai san aikin ba wannan kamar gazawa ce. Amma wanda zai zo bayan shekaru hamsin da na'urar da ta fi ta yau zai tarar da gurbin a buɗe ya cike shi, maimakon ya ɓata rabin rayuwarsa yana warware ƙullin da wani ya ɗaura cikin gaggawa. Hinde bai yi ha'inci ba, ya faɗi abin da madubinsa ya nuna masa, da ma'aunin da zamaninsa ya yarda da shi. Abin da shekaru fiye da 130 suka ƙara shi ne sanin cewa bangon waje na iya yaudara, kuma dutsen silika na Sikotland, wanda yake cike maƙil da ƙwallaye, kaɗan ne daga cikinsu suka riƙe tushen ginin da zai faɗi ko su wane ne.